Ƙanenka ba shagwaɓa yake ba: amsa kan 'yan gudun jami'a a Amurka da ciwon damuwa

Tambayar da aka turo a taƙaice: "Ƙanena ya samu sikolashif na gudun dogon zango a wata jami'a a Amurka, yanzu yana shekara ta biyu. Da farko kullum cikin murna yake, yanzu sai mu yi sati biyu bai ɗaga waya ba, ya rame, ƙashin ƙafarsa ya tsage har sau biyu, ranar nan yace min shi fa ya gaji da komai. Karatu kyauta, abinci kyauta, a ƙasar da kowa ke rububin zuwa. Shagwaɓa ce ko hannu aka sa masa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Aikina kenan anan, kula da raunukan 'yan wasa a jami'a, kuma tare muke aiki da likitocin ƙwaƙwalwa, dan haka abinda ka lissafo ɗin nan ba baƙo bane a wajena ko kaɗan. Rama, tsagewar ƙashi sau biyu, gudun mutane, sannan ga kalmar na gaji da komai, in suka haɗu a kan ɗan gudun fanfalaki ɗaya to mu bama jira mu ga abinda zai biyo baya, a ranar ake haɗa shi da likita. Addu'a kam a cigaba da ita, ba mai hana wannan, Manzon Allah (SAW) da kansa ya faɗa mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Amma abinda ke damun yaron nan yana da suna, yana da dalili, kuma yawanci yana warkewa in an tare shi da wuri.

Bari in fara nuna maka irin rayuwar da yake yi, dan daga gida hoto kawai kuke gani, shi da rigar makaranta yana dariya a kan dusar ƙanƙara.

Hukumar da ke kula da wasannin manyan jami'o'i ita ce NCAA. Ɗan ƙwallo yana da kaka ɗaya a shekara, ya gama ya ɗan sarara. Ɗan gudun dogon zango kaka uku gare shi a jere. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba ana kuros kantiri, wato gudu a kan ciyawa da laka da hawa da gangara, a gasar ƙarshe ta ƙasa maza kilomita 10 mata kilomita 6. Ana gamawa sai gudun cikin ɗaki daga Disamba zuwa Maris, ana gamawa sai na fili har zuwa Yuni. Hutun bazara kuma da kake ganin hutu ne, lokacin ne ma ake tara kilomita mafi yawa dan shirin Agusta. Namiji a babbar tawaga yakan yi kilomita 110 zuwa 160 a sati, wasu ma su wuce. Ƙarfe shida na asuba ya fita gudun farko cikin sanyin da ke daskarar da majina, ya dawo ya shiga aji gashi bai bushe ba, ƙarfe uku ko huɗu babban tirenin, daga nan ɗaga ƙarfe, daga nan wajenmu a gasa ƙafa, ya ci abinci, ya zauna asayimen ido na rufewa. Akwai doka wai kada atisaye ya wuce awa 20 a sati, amma ba a lissafa tafiye-tafiye ba, ba a lissafa zuwa a gasa ƙafa ba, ba a lissafa gudun da ake cewa na ganin dama ne ba, wanda kowa ya san in baka ga damar ba koci zai ji labari.

Sannan wasan nan bashi da wajen ɓuya. A ƙwallo in ka yi shirme zaka iya cewa ba a baka fas ba, ko rafali ne. Anan agogo ne. Akwai shafin da ake kira TFRRS, duk tseren da yaro ya taɓa yi a jami'a yana nan da sakan ɗinsa, kowa a duniya zai iya buɗewa, ga kuma manhajar Strava inda yake ganin abokin hamayyarsa a wata jiha ya yi kilomita 30 yau da safe shi kuwa yana zaune ƙafa a ƙanƙara. Yaran nan ƙarfe ɗayan dare suna kwance suna duba wa ya wuce su a jeri. A kuros kantiri kuma mutum bakwai ke gudu, ana tara matsayin biyar na farko, tawagar da makinta ya fi ƙanƙanta ita ta ci, kaga kenan duk mutum ɗaya da ya wuce ka a mita 200 na ƙarshe maki ɗaya ka jawo wa 'yan'uwanka, kuma bayan tsere kowa zai iya zama ya lissafa a kan wa aka faɗi. Ka ƙara da cewa kowane yaro a tawagar nan shine zakara a garinsu. Ƙanenka a gida ba mai shan gabansa, ya zo nan ya tarar shine na tara, motar tafiya gasa kuma mutum bakwai ko takwas take ɗauka.

Sai maganar kuɗi, wadda nake ganin ita tafi cin 'yan Afirka a rai. Shekaru da yawa dokar NCAA a rukuni na ɗaya, wato na jami'o'in da suka fi girma a wasanni, ta kayyade sikolashif 12.6 kacal ga maza, na guje-guje da tsalle-tsalle da jifa duka a haɗe, mata 18. Tawaga mai mutum 40 ko fiye ita ke raba wannan, shi yasa yawancin 'yan ƙasa gutsure suke samu, wani kuɗin littafi kawai. Baƙo wanda iyayensa bazasu iya cike giɓi ba dole sai an bashi cikakke ko kusa da haka, a makarantun da kuɗin shekara ɗaya kan kai dala dubu 60 har 80. To ya san abinda aka kashe a kansa, abokan gudunsa sun sani, koci ma ya sani. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, aka cire waccan iyakar ga makarantun da suka shiga tsarin amma aka kayyade yawan 'yan tawaga, kuros kantiri mutum 17, guje-guje 45, yara da dama suka shiga fargabar rasa gurbi. Ga shi bizarsa ta ɗalibi ce, F-1, a tunaninsa in gudu ya tsaya kuɗi ya tsaya, in kuɗi ya tsaya karatu ya tsaya, in karatu ya tsaya sai jirgi. Ya dawo gida ya ce wa Inna me? Wannan lissafin yake yi duk sanda ƙafarsa ta yi masa tsam. Kuma tun 2021 da aka ba 'yan wasa damar samun kuɗin talla da sunansu, masu irin bizarsa kusan an bar su a baya dan dokar biza ta taƙaita musu aiki, abinda aka yarje masa shine ɗan aikin cikin makaranta da bai wuce awa 20 a sati ba, wanda ma bashi da lokacinsa. Dan haka in ana masa waya daga gida ana cewa a turo na cefane ko na asibitin wane, a sani ba a kan dala yake kwana ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai, maganar rama da ƙashi, dan mutane suna raba ciwon jiki da na zuciya kamar basu san juna ba, alhali a ɗan gudu sau da yawa tushensu ɗaya.

A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wani yanayi da ya kira RED-S, ya sake sabunta ta a 2018 da 2023. Bayaninsa mai sauƙi ne: abincin da ke shiga bai kai aikin da jiki ke yi ba. Kamar motar da kullum ake tura ta Kano zuwa Legas amma man Kano zuwa Zariya ake zuba mata. Jiki baya mutuwa a hanya nan take, sai ya fara kashe abubuwan da yake ganin zai iya jinkirtawa. A mace al'ada ta ɗauke, a namiji sinadarin testosteron ya sauka, sha'awa ta ragu, ƙashi ya daina gyara kansa ya fara tsagewa ba tare da an faɗi ko an bugu ba, barci ya lalace, mutum kullum jin sanyi, kullum mura, saurin fushi, ya kasa riƙe karatu, sannan baƙin ciki mara dalili ya sauko. Tsagewar ƙashi sau biyu a cikin shekara biyu ga saurayi ɗan ashirin, abu na farko da zan tambaya shine me yake ci. Mai irin wannan gudun yana buƙatar fiye da kalori 3,000 a rana, wani ma sosai fiye da haka.

Muguntar abin shine in ɗan gudu ya fara ramewa, watannin farko sauri yake ƙarawa. Ya rage kilo biyu ya karya lokacinsa, kowa na tafa masa, koci yace yanzu ka fara kama da ɗan tsere. To me kake so ya koya daga wannan? Sai ya ƙara ragewa. Bayan wata shida ko shekara sai bashin ya zo biya gaba ɗaya. Mary Cain, yarinyar da tun tana sakandare take karya tarihi a Amurka har ta tsallake gasar jami'a ta shiga tawagar kamfanin Nike ƙarƙashin Alberto Salazar, ta fito a jaridar New York Times a Nuwamban 2019 ta faɗi yadda aka dinga matsa mata ta rage nauyi, al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙashi biyar suka karye, har ta kai ga tunanin halaka kanta. A jami'o'i ma an ji irinsa, a 2021 jaridar The Oregonian ta kawo labarin mata shida da suka bar tawagar jami'ar Oregon suna kokawa da yadda ake auna kitsen jikinsu da na'ura, a 2023 kuma binciken da jami'ar Colorado ta yi wa tawagarta ya gano irin wannan awon ya cutar da 'yan gudu da dama. Ba wai duk koci mugu bane, na san masu kirki ƙwarai waɗanda zasu zaunar da zakaransu kaka guda dan lafiyarsa, amma shima kocin aikinsa a kan sakamako yake rataye, kuma da yawansu a haka aka rene su.

Kuma kada ka ce ai wannan ciwon mata ne. Maza na yi, ɓoyewa kawai suka fi iyawa. Na ƙanenka ma ba lallai da gangan yake ƙin ci ba. Yaro Musulmi ya shiga ɗakin cin abincin makaranta, rabin abinda ke kan layi yana shakkar akwai alade ko giya a ciki, sauran kuma bakinsa bai saba ba, sai ya ɗauki burodi da ayaba da ɗan salak ya tashi, mutumin da ya yi kilomita 25 ranar. Ga azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin manyan gasannin cikin ɗaki, in ba a zauna an tsara masa sahur da buɗa-baki da lokacin tirenin ba, wata guda ya isa ya jefa shi rami. Ga ƙarancin bitamin D wanda ya fi kama masu baƙar fata a jihohin arewa inda rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi a hunturu, ga ƙarancin sinadarin ayon a jini wanda ya zama ruwan dare ga 'yan gudu kuma shi kaɗai yana iya sa mutum kasala da mutuwar zuciya. Duk waɗannan gwajin jini ɗaya ne ke nuna su.

Lokacin rauni kuwa shine mafi haɗari a ganina. Ranar Juma'a da safe bas ta ɗebi tawaga an tafi gasa ana ta hayaniya, shi kuma yana can a kwamin ninkaya shi kaɗai, an ɗaura masa bel mai sa mutum ya taso, yana gudu a cikin ruwa ƙafa bata taɓa ƙasa, minti sittin yana kallon bango ɗaya. Ya fito ya saka takalmin roban nan mai kama da na ɗori ya ɗingisa zuwa aji. Abokansa duka 'yan tawaga ne, gidan da yake haya nasu ne, hirar teburin abinci ta gudu ce, in ya buɗe waya hotunansu ne. Abu ɗaya da ya saba wanke zuciyarsa da shi in ransa ya ɓaci, wato ya fita ya yi gudu, shine aka hana shi. Sati shida zuwa takwas in da sauƙi, in ƙashin ƙugu ne ko wuyan cinya watanni.

To me yasa baya magana? Dan abinda ya kai shi Amurka shine iya haɗiye ciwo. Gudun kilomita 10 gasar wa ya fi jure azaba ce, tun yana ƙarami aka koya masa in jiki yace tsaya kace masa ƙarya kake, kuma duk sanda ya yi hakan an bashi lambar yabo. Mutumin da ya shekara goma yana wannan horon, ranar da zuciyarsa ta ce masa akwai matsala, amsar da ya iya kenan. Ka ɗora masa tarbiyyarmu a kai, namiji baya kuka, ciki ba dan tuwo kaɗai aka yi shi ba, ka gode wa Allah wasu nema suke. Sannan yana tsoron in ya faɗa wa koci za a ce bashi da ƙarfin zuciya a cire shi daga masu tafiya. Shi yasa nake cewa ranar da irin wannan yaron ya buɗe baki yace ya gaji da komai, to ya daɗe da gajiya, kalmar ce kawai ta makara.

Ba dan in tsorata ka ba, amma gara ka san nauyin abin. A 2024 masu bincike daga jami'ar Washington sun wallafa nazari a mujallar British Journal of Sports Medicine a kan mace-macen 'yan wasan NCAA daga 2002 zuwa 2022. Cikin mutuwa 1,102, guda 128 kashe kai ne, kason ya ninka daga kashi 7.6 cikin ɗari a shekaru goman farko zuwa 15.3 a na biyu, har ya zama dalili na biyu bayan haɗari. Kuma da aka duba wasa-wasa, maza 'yan kuros kantiri ne suka fi kowa. Adadin kaɗan ne in ka kwatanta da ɗimbin yaran da suka yi wasa a shekaru ashirin ɗin, mafi yawa suna wucewa lafiya, amma rukunin da ƙanenka yake ciki kenan. Madison Holleran ta jami'ar Pennsylvania tana shekarar farko, 'yar shekara 19, ta rasu a Janairun 2014, hotunanta na Instagram duk fara'a. Sarah Shulze ta jami'ar Wisconsin, 'yar shekara 21, mai ƙoƙari a aji da fili, ta rasu a Afrilun 2022, iyayenta suka ce haɗa wasa da karatu da hidimar yau da kullum ne ya rinjaye ta a lokaci guda.

Wanda ya fi kusa da labarinku shine na Marko Cheseto, ɗan Kenya da ke gudu a jami'ar Alaska da ke Anchorage. A farkon 2011 ɗan'uwansa kuma abokin gudunsa William Ritekwiang ya kashe kansa, abin ya zauna wa Cheseto a rai yana ganin laifin kansa. A Nuwamban shekarar ya fita cikin dusar ƙanƙara, aka neme shi sama da kwana biyu, da ya bayyana sanyi ya riga ya kashe ƙafafunsa, dole aka yanke su duka biyun. Ya rayu, ya samu kulawa, ya koma gudu da ƙafafun roba har ya yi fanfalakin Chicago a 2019 cikin awa 2 da minti 37. Tun kafin su akwai Henry Rono, shima ɗan Kenya a jami'ar jihar Washington, wanda a 1978 ya karya tarihin duniya huɗu cikin kwana 81, ƙasarsa ta ƙaurace wa Olamfik na 1976 da 1980 bai taɓa zuwa ba, giya ta kama shi har ya kai ga kwana a gidan marasa galihu a Amurka. Ya rasu a 2024. Babu wanda zai ce waɗannan ragwaye ne ko 'yan shagwaɓa.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya da wuri. Molly Seidel ta jami'ar Notre Dame ta ci kuros kantiri na ƙasa a 2015, tana kan ganiyarta, a 2016 maimakon ta je gasar neman gurbin Olamfik sai ta shiga asibitin masu matsalar cin abinci, tana fama da damuwa da waswasi mai tsanani ga ƙashi a tsage. Mutane na ganin ta yar da damarta. Shekara biyar bayan nan ta ci tagulla a gudun fanfalaki na Olamfik ɗin Tokyo, kuma har bayan lambar ta fito ta ce bata gama da ciwon ba, tana cigaba da neman magani.

To me zaka yi daga inda kake.

Ka kira shi yau, kiran bidiyo in zai ɗaga, kai kaɗai ba a tsakar gida kowa na leƙe ba. Kada ka fara da ya gudu, na nawa ka zo, yaushe ƙafar zata warke. Kace masa maganar da ka faɗa min ranar nan ta tsaya min a rai, me kake nufi da ka gaji da komai? Sai ka yi shiru, ko shirun ya yi tsawo kada ka cike shi da wa'azi. Sannan ka tambaye shi kai tsaye ko tunanin kashe kansa yana zuwar masa. Na san bakin Bahaushe yana nauyin furta wannan, ana ganin kamar kiran abin ne, amma bincike ya nuna tambayar bata dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa dan an buɗe masa ƙofa. In yace eh, kada ka hau shi da a'uzubillahi kai ba Musulmi bane, ya san hukuncin, sanin ne ma yasa ya kasa faɗa wa kowa. Ka tambaye shi ko ya shirya wani abu, ka sa ya kira ko ya tura saƙo 988, layin agaji ne kyauta dare da rana a duk Amurka tun 2022, in kuma abin ya matso to 911, lambar kiran gaggawa, kuma a samu wani ya je ya zauna da shi a daren, abokin ɗaki ko wani daga masallacin garin. Ka nemi lambar mutum ɗaya a kusa da shi tun yanzu ka ajiye.

Ko yace a'a, ya je wajen mai kula da raunukan tawagarsu ko likitan tawaga ya faɗi abu uku a jere: ramar, tsagewar ƙashin, da yanayin zuciyarsa, kada ya faɗi ɗaya ya bar biyu. Ya nemi gwajin jini na ayon da bitamin D da homon irin su testosteron, da awon ƙarfin ƙashi, a haɗa shi da masanin abinci, ya gaya masa gaskiya cewa halal yake ci kuma yana azumi. Sannan a haɗa shi da mai lasisin duba lafiyar ƙwaƙwalwa, in baya son na sashen wasanni dan tsoron magana ta kai kunnen koci, kowace jami'a tana da cibiyar ba da shawara ta ɗalibai gaba ɗaya wadda ba ruwanta da koci. In an rubuta masa magani ya tabbatar likitan tawaga ya sani saboda dokar gwajin ƙwayoyi. Kai kuma ka sani tunda ya haura 18 doka ta hana su faɗa maka sirrinsa sai da izininsa, amma bata hana ka ka faɗa musu abinda ka sani ba, zaka iya tura imel kace ni yayansa ne ga abinda ya faɗa min, zasu ɗauke shi da muhimmanci.

Tsoron rasa karatun kuma, wanda nake zargin shine ya danne shi, ka taya shi rage shi da gaskiyar doka. Daga Agustan 2024 makarantun rukuni na ɗaya basu da ikon yanke ko rage sikolashif saboda rauni ko rashin ƙoƙari a fili, kuma wajibi ne su samar da kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa. In ya ji rauni da wuri a kaka akwai hanyar neman a maido masa shekarar. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje kuma yana iya rage masa yawan kwasa-kwasai saboda rashin lafiya, har da ta ƙwaƙwalwa, har tsawon wata 12 ba tare da bizarsa ta lalace ba, in dai likita ya rubuta kuma an amince kafin ya ajiye kwas ɗin. Amma ga tarko: in cikin ɓacin rai ya rubuta wa koci cewa na bar tawaga da kaina, ko ya saka sunansa a jerin masu neman canja makaranta, to a nan suna iya janye kuɗin. Kada ya sa hannu a komai, kada ya tura irin wannan saƙon, sai ya bi ta hannun likita ya kuma zauna da ofishin da ke kula da dokokin wasanni na makarantar.

Abu na ƙarshe daga bakinka da na Inna zai fito, ba likitan da zai iya faɗa a madadinku. Ku gaya masa a fili, ba da habaici ba, cewa ko ya daina gudu gobe, ko ya dawo ba kwali, ɗakinsa na nan kuma ba wanda zai masa gori. A dakatar da maganar turo kuɗi gaba ɗaya, a ja kunnen 'yan'uwa masu masa saƙo a bayan fage. Kiran kuma ya zama na kullum ko bai ɗaga ba, ka bar masa saƙon murya na minti ɗaya kan labarin unguwa, wa ya yi aure, akuyar wa ta haihu, ba sai an ambaci ƙafa ba.

Ka tambaye shi makarantar tasu a wane rukuni take, na ɗaya ne ko na biyu, ko NAIA, wata hukumar daban ta ƙananan jami'o'i, ko kwalejin shekara biyu, dan kariyar sikolashif ɗin da na faɗa ta rukuni na ɗaya ce, sauran dokarsu daban kuma takardar da ya sa wa hannu ita zata yi magana. In ka samu ka sake turowa tare da jihar da yake, sai in faɗa maka ofishin da ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa.